Mai Kallon Ƙasa

Ranar Asabar ta farkon hutun zafi, ina ɗan shekara goma sha huɗu, marin Sarzan, sojan da ke horar da mu, ya kwantar da ni a kan tsakuwar filin fareti a bayan garin Tamanrasset na ƙasar Aljeriya. Laifina guda ne: ya tsaya gabana yana magana, ni kuwa na sunkuyar da kai har gwiwata ta fara lanƙwashewa. Haka aka rene ni. Babana mutumin Damagaram ne, mai shagon atamfa a kasuwa, kuma a gidansa yaro ba ya haɗa ido da babba, durƙusawa yake yi. Innata kuwa 'yar ƙasar ce, daga garin Silet, ta wajenta na samu shiga sansanin yaran soja, inda ake tsintar 'yan kaɗan a koya musu tuƙin jirgi. Sarzan ya ɗago ni da kunne, jini na bin haɓata, ya ce da Larabci, "Mai kallon ƙasa ba ya hawa sama."

Daga ranar na zama abincinsa. Gudu da buhun yashi a wuya, rarrafe a kan tsakuwa mai zafi har tafin hannu ya saɓule, in an gama kuma ya kawo fuskarsa dab da tawa yana zagi, in na ƙifta ido ya sauke mini ɗamara a gadon baya. Wallahi na tsane shi, har gobe ban daina ba. Abin da ya hana ni gudu shi ne ɗan jirgin nan mai kujera biyu da muke wankewa da safe. Ina goge fiffikensa ina shaƙar warin mai, sai in ji ko fatata za a feɗe ba zan tafi ba. Kafin hutu ya ƙare wuyana ya miƙe, aka ce ina cikin masu fara tashi da jirgi, in uba ya yarda.

Na tarar da Baba a shago, shi da abokansa 'yan Maradi da Agadas suna shan shayi. Na yi sallama a tsaye, ƙirji waje, idona cikin nasa. Ban ma san na yi ba.

"Kai, ni kake kallo?" in ji Baba.

Sandar ƙarfen da yake awon yadi da ita ya ɗauko. Bugun farko ya tsaga mini gira. "Durƙusa, ɗan banza. Ka durƙusa, kuma ka bar wajen nan da ya lalata ka." Na gane durƙuson nan da barin jirgi abu ɗaya ne, sai na ƙame kamar yadda Sarzan ya koya mini. Ya buga kafaɗa, ya buga ƙwauri, jini ya ɗiga a kan atamfar mutane, har wani dattijo ya riƙe masa hannu yana cewa, "Haba Malam, ɗanka ne fa." Ban kau da ido ba. Sandar ta faɗi daga hannunsa, kuma a gaban abokansa Baba ya sunkuyar da kai. "Tafi," ya ce. Yardar da na samu ke nan.

Na tashi kuwa. Ranar farko, malamin tuƙi ya sakar mini jirgi a kan duwatsun Hoggar, na yi amai, na kuma yi dariya. Amma tsakanina da Baba, har ya koma ga Allah, ba abin da ya rage sai gaisuwa, kuma bai sake ɗago ido ya dube ni ba.

Yau 'ya'yana suna kallona ido cikin ido suna musu da ni, ba na ce musu komai, zamani ya canza. Sai dai duk sanda na juyo da jirgi zan sauka a garinmu, idona na neman maƙabartar da yake kwance. Sama dai na same ta. Da zan samu dama, da na durƙusa masa ko sau ɗaya.