Tanki a Gurbin Rimi

Duk lokacin da na bi ta layin makanikai a Sabon Gari na ji warin baƙin mai a kan yashi mai zafi, sai kakana ya faɗo mini a rai. Shi ne mai gyaran ramuka a filin golf, inda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami mai tuta. A zamaninsa babu ciyawa a bakin rami. Yashi ake kwaɓawa da baƙin mai a baje, shi kuma ya ja buhu a kai har wurin ya kwanta sumul.

Da damina ya fara kai ni daga gidanmu na Fagge. Ni da na saba da lungun da keke biyu ba sa wuce juna, sai ga ni a inda ƙasa ba ta da ƙarshe. Ko'ina kore shar, balbelu na takawa kamar su ne masu wurin, sama kuma ta sauko har ƙasa ta kowane gefe. Na damƙe gefen rigarsa. Haka Allah ya yi ni, abin da ya fi ƙarfin idona fargaba yake ba ni.

Akwai wani rami da tudu ya ɓoye tutarsa, mai bugu ba ya ganin inda zai aika ƙwallo. Amma can bayan shinge, a gonar wani, akwai rimin da sai ka dafe hula kafin ka ga kansa. Kullum Kaka a saitin rimin nan yake kafa tuta. Manyan mutane, likitoci da attajirai, shi suke ɗaga kai su duba kafin su buga.

"Kai sarkin tsoro, sake mini riga ka duba," in ji shi. "Rabin filin nan a waje yake. Mu rami kawai muke tonawa."

Kaka ya rasu. Gonaki suka zama fulotai, fulotai suka zama shaguna da benaye. Ni kuwa daga firamare na koyi gini. Wata rana aka kira ni aikin bene hawa uku na wani Alhaji ɗan Kantin Kwari, jikin shingen filin. Ina isa na tarar da kututturen rimin a tsakar fili, ko bushewa bai yi ba.

Ranar ban iya cin abinci ba. Na tambayi malamin unguwarmu ko akwai haƙƙi a kaina, ya yi dariya ya ce ai ba ni na sare ba. Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Kafin a tone kututturen na ja igiya daga tsakiyarsa zuwa shinge, na auna sau uku, na sa alama. Duk hawan da muka ƙara sai na ɗaga alamar sama.

Da aka zo ɗora tankin ruwa, Alhaji ya ce a kai shi baya, kusa da rijiya. Na roƙi a sa shi kan alamata.

"Malam magini, tanki ne fa, ba alƙibla ba."

Na ba shi labarin Kaka. Ya taka bakin bene ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a ƙaro bututu, a ɗora tankin kan alamata.

Daga can sama na ga filin gaba ɗaya, abin da Kaka bai taɓa gani ba. Gine-gine sun matse shi ta ko'ina, ya koma kamar darduma kore a tsakar kasuwa, amma balbelu suna nan. Ranar da muka gama, wani dattijo a bayan tudun ya ɗaga kai, ya dubi tankin, ya buga. Farar ƙwallo ta tashi ta ƙetare tudu, ta sauka gefen tuta.

Ban sani ba ko mai gyaran ramin yanzu ya san dalilin da ya sa tutar take saitin tankin. Kuma tanki ba rimi ba ne, rana na cin sa, wata rana za a sauya shi. Shi ya sa ko ina sauri, in na biyo hanyar sai na tsaya na ɗaga kai.