Ranar da Na Gyara wa Faransawa Akwatin Kiɗa

Shekaranjiya ina zaɓen riguna a kasuwar Canaan, sai wani kiɗa ya tashi daga lasifikar shagon, mai kauri kamar gurnanin injin niƙa daga nesa. Na tsaya ina sauraro. Na san masu kiɗan nan, har shayi sun sha a falonmu.

Ina 'yar shekara tara muna zaune a unguwar Xiaobei, can ƙasar waje inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya, a bene hawa na sha ɗaya. Kawuna, ƙanen Inna, ya zo daga Maraɗi yana gwada wa 'yan kasuwa rediyo kafin a loda su a jirgi. Gidanmu kullum warin dalma yake. A damina bango har gumi yake yi, shi kuwa yana duƙe kan wayoyi, ba ya ko ɗago kai.

Wata rana ya shigo da Faransawa biyu, makaɗa, waɗanda suka zo wasa a garin. A lokacin ba wanda ya san su. Sun rungumo wani tsohon akwatin kiɗa mai gefen katako, fuskarsa cike da maɓallan murɗawa. Laima ce ta shige shi. Kwana biyu Kawu ya yi a kansa har ya tashi. Dogon cikinsu ya danna, ya ji, ya rungume Kawu. Suka ce gobe za su ɗauka.

Ni kuma, ka san ni da iyayi. Inna ta koya mini ba a mayar wa baƙo kaya da datti. Da Kawu ya tafi masallaci da asuba na ɗauko tsumma na goge akwatin tas. Na ga maɓallan nan kowanne ya kalli nasa gefen, sai na murɗa su ɗaya bayan ɗaya, duk suka kalli sama. Har ja da baya na yi ina yaba aikina.

Ashe irin wannan akwati ba ya riƙe komai a kansa. Inda kowane maɓalli ya tsaya, nan sautin yake, kuma wata da watanni suka yi suna nemansa. Da safe dogon ya danna, sai wani tsiiii kamar kukan ɓera. Ya dafe kai. Na daskare a bakin ƙofa, tsumman ma yana hannuna.

Kawu ya dube ni sau ɗaya. Ya yi musu magana da Faransanci, suka kwashi kayansu ba sallama. Da na tambaye shi abin da ya ce, sai ya ce, "Na ce hannuna ne ya goce. Je ki ci abinci."

Na ɗauka magana ta ƙare a nan. Da na koma gida shekaranjiya na kira Inna ina dariya, na ce mutanen Kawu sun yi suna har a shagunan Canaan. Sai ta ce:

"Ke ba ki sani ba? Da shi za su tafi, ya zama mai gyaransu. Har hoton fasfo ya ɗauka. Shi ya hana a faɗa miki."

Innalillahi. Na zauna a ƙasa. Kawu ya koma Maraɗi, ya yi gyaran rediyo a rumfa har Allah ya karɓi abinsa bara.

Yanzu na'ura ba ta mantuwa, yaro ya ɓata abu a danna ya dawo. Nawa bai dawo ba. Shekara ashirin ina gaida mutumin nan a waya, yana tsokanata yana sa mini albarka, ban taɓa ce masa ya yafe mini ba.