Akuyar da Na Ɗaure a Aji

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye kusa da Dogon Kiriya, ajina rumfar karan gero ne, awakin garin kuwa sun mai da shi abin karin kumallonsu. A bencin baya akwai wani dogon yaro mai fara'a da ya naɗa kansa sarkin korar su. Da zarar na ce a fito da alluna za mu yi lissafi, sai ya miƙe zumbur, ya kira ni yadda yaran can ke kiran malami da Faransanci.

"Mushe, awaki na cin aji!"

Kafin in buɗe baki ya fice da tsumagiyarsa, ba zai dawo ba sai an goge allo.

Da farko har yaba masa nake yi. Daga baya na lura awakin nan ba ruwansu da mu lokacin waƙa, lissafi kaɗai ke kawo su. Wata safiya na zaga bayan rumfar, na tarar da dusa an barbaɗa ta a gindin kara. Na so in yi fushi, dariya ta hana ni.

Amma abin ba na wasa ba ne. Ubansa ya riga ya gaya mini in yaron bai wuce aji bana ba, zai cire shi ya bi shanu. Ni kuwa ina son yaron, ba na so in rasa shi.

Washegari na share dusar tas na zuba a kwano, na aro uwar garken wajen maƙwabciyata, na ɗaure ta a ƙafar bencinsa.

"Ga ta nan na kawo maka," na ce. "Ka tsare ta daga zaune."

Aji ya kece da dariya, har da shi. Na rubuta lissafi a allo. Ya leƙa waje ta tsakanin kara, babu ko ɗan akuya. Wadda ke gefensa tana ta tauna, hankalinta kwance. Yara suka ɗaga allunansu, nasa yana kife a cinya. Da na matsa kusa, ya yi magana ƙasa-ƙasa, kansa a sunkuye.

"Mushe, don Allah kar ka sa ni ɗagawa. Ban iya ko ragewa ba. Ba wanda ya sani."

Nan dariyata ta ƙare, tausayinsa ya kama ni. Na juya na sanar da aji cewa daga yau mai tsaron akuya ba ya fita hutun tara, ni da shi za mu zauna mu ba ta abinci. Suka yi ta yi masa tsiya, ya bar su.

Da suka watse na zauna kusa da shi, na tambaye shi daga ina za mu fara.

"Daga farko, mushe. Amma a rufe ƙofa."

Rumfar ba ta da ƙofa. Na tuɓe babbar rigata na rataye ta a bakin shiga.