Takobin Katako a Bani Malik

Mu leburorin wata masana'anta mun taɓa shirya wasan kwaikwayo mai waƙoƙi a unguwar Bani Malik, wani tsohon labarin Ingila da muka mayar Hausa. Abokin ɗakina aka ba sarki mai rera waƙa, ni makashinsa. Hassada ta ci ni. Da aka zo wurin kisa, na maka masa takobin katako a baki da gangan. Haƙora biyu suka zube, jini ya wanke rigarsa. Ya ce, "Halas, shi ke nan, ɗan'uwa, ai na mutu!" Jama'a suka kama tafi. Har yau in aiki ya yi zafi, maganar da leburori ke yi ke nan suna dariya. Abokin nawa bai ƙara waƙa ba. Ya ɗauka kuskure ne, ni kuwa na kasa gaya masa gaskiya.