Jarkar da ya hana ni ɗauka

Jiya na ga wani tsoho ɗauke da jarkar ruwa a kasuwar Gadarif ta Sudan, sai na tuna da marigayi makanikenmu, Ba'indiye mai rawani, ɗan addinin Sikh, da ke gyaran taraktoci a gonar da muke yankan riɗi wajen Fau.

In rana ta take, sai ya ajiye sifana, ya wanke baƙin mai daga hannunsa, ya ɗauki jarka ya bi masu yanka yana ba su ruwa, Bahaushe da Bahabashe duk kofi ɗaya. Ba wanda ya sa shi. Ruwan yana ɗan warin dizal, amma sanyinsa har ƙirji.

Mu kuwa a gidanmu abin kunya ne mai furfura ya ɗauki kaya kana kallo. Wata rana na kama jarkar na ce, "Baba, kawo, ka huta."

Ya riƙe ta gam. "Ya waladi, ɗana," in ji shi, "in na ga ka gaji, sai in karɓi sallarka in yi maka? To, wannan ita ce tawa."

Na saki jarkar, na karɓi kofin na sha.

Allah Ka ba mu hannu irin nasa, da ke shayarwa ba tare da tambayar sunan mai ƙishirwa ba.