Jafaru Mai Rikoda da Sunan Ɗan Inno

Unguwarmu ɗaya da Jafaru a Talata Mafara, saboda haka idan na ji yau ana ce masa masanin tarihi sai in kau da kai. Ubansa mahauci ne, mutumin kirki, amma Jafaru tun yana ƙarami yake ƙyamar warin mahauta, ko da yake ban taɓa ganin ya ƙyamaci tsire ba. Abu ɗaya Allah ya ba shi, murya. Shi ma ya san da haka, ko gaisuwa zai yi sai ya gyara maƙogwaro. Ya yi 'yar makarantarsa, ya samu aiki a wani gidan rediyo, ya dawo mana da rikoda rataye a kafaɗa da wata Hausa da ba tamu ba.

Bayan an gama dam ɗin Bakolori sai aka ba shi shirin tattara tarihin garuruwan da ruwa ya ci. Aikin saurare ne, aka damƙa wa wanda bai iya rufe baki ba. Ni nake ɗaukarsa a babur daga Bakura har Maradun, don haka na ga aikin da idona. Zai yi wa dattijo tambaya, kafin dattijo ya gama bismilla Jafaru ya amsa da kansa.

A wani sabon matsuguni kusa da Maradun muka haɗu da Inno, tsohuwar Bafulatana mai sayar da nono. Ita ta aiko a kira mu. Ɗanta na fari ya fita ranar rikicin dam, ranar da 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu neman diyya wuta, shekara biyu ke nan, bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba. So take a faɗe shi a rediyo, ko wani zai ji ya ce ga inda aka binne shi.

Ta ba da labarin tsohon garinsu, da mashayar shanu, da safiyar da ya fita bai ko karya ba. Amma daga “wanga yaro” sai “shi”. Kowa a ƙasar nan ya san uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, balle Bafulatana. Jafaru ma ya sani sarai, don tasa uwar ba ta taɓa kama sunan yayansa ba.

“Inno, rediyo ba ya aiki da wanga yaro,” in ji shi. “Mene ne sunansa?”

Bappa Isa, ƙanin mijinta, ya matso ya ce, “Malam, bari ni in hwaɗa maka.”

Jafaru ya ɗaga masa hannu. “A'a, daga bakin uwa ya fi daɗin ji.”

Daɗin ji! Wallahi a lokacin ji na yi kamar in ture shi da rikodarsa. Inno ta ja mayafi ta rufe fuska, sannan ta tambaya:

“In na hwaɗi, za a ji shi har Gusau?”

“Har gaba da Gusau,” in ji Jafaru.

“Hamidu,” ta ce a hankali.

Matan da ke wurin suka juya fuska, ɗaya ta tashi ta shige ɗaki. Shekara talatin sunan nan bai fita daga bakinta ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka sa shirin. Na koma matsugunin takanas, muka kewaye rediyon Bappa Isa. Jafaru ya gai da hakimai ɗaya bayan ɗaya, ya ba da labarin wahalar da ya sha a hanya, wahalar da ni da babur ɗina muka sha. Aka sako muryar Inno tana zancen mashayar shanu. Tana shirin kaiwa ga yaron sai ga Jafaru yana cewa lokaci ya yi halinsa. Daga baya da na tsare shi, ya ce ai tun farko ya san ba za a bar maganar rikici ta shiga shirin ba. Ashe da saninsa ya matsa mata.

Bayan kwana uku Bappa Isa ya zo Mafara, na raka shi wurin Jafaru, ya roƙi ko kaset ɗin a ba su. Jafaru ya ce kaset na wuya, ya riga ya ɗauki kiɗan kalangu a kai a bikin wani ɗan'uwansa.

“Ba komai,” in ji shi, yana sakace. “Wata rana sai mu koma ta sake faɗa. Wane ne ma sunan yaron?”

Bappa Isa ya sa takalminsa muka fito. Sai da muka kai tasha ya dube ni.

“Mi zan ce mata? Tana can tana jiran Juma'a mai zuwa. Ta ce halan ba su kai wurin ba tukuna.”