Sufeto Ja'afaru da Mai Kai Magana

Malam Ja'afaru mutumin Kukar Maje ne, wani ƙauye arewa da Bici, inda gona ke manne da gona, gidaje kuma a kusa da juna har kana jin tarin maƙwabcinka. Mahaifinsa malamin allo ne, amma shi boko ta ɗauke shi. Ya koyar a firamare har furfura ta fara leƙo masa a gemu, kuma ba a san shi da komai ba sai raha da son rake. In an tashi makaranta, shi da amininsa Malam Yaro sukan tura kekunansu a ƙasa suna tafe suna hira har mararraba. Yaro ɗan Gidan Sarai ne, unguwar Kiristoci da ke ƙetaren rafi, kuma tare suka yi karatu tun suna 'yan aji ɗaya. Duk Kirsimeti matar Yaro, Susanna, takan aika a kira Ja'afaru ya yanka musu kaji da hannunsa don shi ma ya ci.

Girma ya zo masa a mummunan lokaci. Damina ta yi gardama shekara biyu a jere, rumbuna sun bushe, soja sun karɓi mulki, ana ta rage ma'aikata, albashi kuwa sai ya ga dama yake zuwa. Ana cikin haka aka kira shi hedikwata aka ce shi ne sabon sufeton makarantun yankin. An tsallake waɗanda suka girme shi a aiki, aka miƙa masa makullin babur. Ya dawo gida. Matarsa Hure tana guɗa, shi yana zaune yana tambayar kansa me ya sa sai shi.

Washegari ya tafi gaida Alhaji Abdussalam, dattijon da ya daɗe a kan wannan kujera kafin ya yi ritaya. Ya same shi a zaure a kan buzu, yana jan carbi.

"Ranka ya daɗe, na zo a ɗora ni a hanya. Ban taɓa shugabantar ko mutum uku ba."

Alhaji ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Abu na farko, ɗana, rage wannan dariyar. Malamai in sun ga haƙoranka sun gama da kai. Kada ka ci abinci a gidan na ƙasa da kai. Kada wanda ke ofishinka ya san makarantar da za ka gobe. Kuma ka sani, a shekara irin wannan kowa tsoron kora yake, mai tsoron kora kuwa zai sayar da kai ya tsira. In abu ya shige maka duhu, nan za ka kawo shi, kada ka kai wa kowa."

Ja'afaru ya ɗauki maganar nan ya riƙe da hannu biyu. Ya daina tsayawa wurin mai rake. Yakan faɗo makaranta ba sanarwa, ya kashe babur tun daga nesa ya ƙarasa da ƙafa ta cikin gonaki. Hedimastan da ya kawo masa ƙwai sai ya yi ta tunanin abin da yake ɓoyewa. Wanda bai kawo ba kuma ya ce raini ne. Malamai suka koma yin shiru in ya shigo. Da Yaro kaɗai yake sakin jiki, shi ma jefi-jefi.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Alhaji Abdussalam ya riƙe hannunsa ya ja shi gefe.

"Me ka faɗa a kan Sakataren Ilimi?"

"Ba wani abu ba ne, ranka ya daɗe. Cewa na yi ya fi sanin hanyar gonarsa da ta makarantu."

"To, ta isa kunnensa. Wa ka faɗa wa?"

Mutum ɗaya Ja'afaru ya faɗa wa, Yaro, a kan hanyar mararraba.

Bai yarda nan take cewa shi ya kai maganar ba. Ya ce sai ya gwada, Alhaji kuwa ya ce wannan dabara ce ta manya. Suka shirya tare. Ya gaya wa Yaro a asirce cewa zai ajiye aiki ya shiga sayar da hatsi a Dawanau. Ya gaya wa Usaini, akawun ofishinsa, cewa yana neman a mai da shi birni. Sai ya zauna jiran wadda za ta dawo masa.

Duka biyun suka dawo, a haɗe. Ranar kasuwa mai gyaran babur ya ce, "Yallaɓai, ashe birni za ka koma sayar da gero?" Hure ma ta jiyo a gidan suna, ta dawo tana fushi an ɓoye mata. Gwajin bai raba masa komai ba, sai ƙarin damuwa.

"Akawu yaro ne, me ya sani game da kai?" in ji Alhaji. "Wanda ya fi daɗewa da kai shi ke da abin sayarwa. Kuma na ji Yaro za ka ba babbar firamare ta gari. Ka ɗora shi a can, gobe shi ne a kujerarka."

Hedimastan babbar firamaren ya rasu a lokacin, kuma kowa ya san Yaro ne ya cancanta. Ja'afaru ya tura shi wata makaranta mai aji biyu can wajen iyakar Kunci, inda keke ba ya kai mutum ya dawo a yini. Babbar firamare ya ba wani matashi, Muhammadu Sani, wanda Alhaji ya yaba da ladabinsa.

Yaro ya zo ofis. Bai zauna ba, kuma bai ce "mutumina" kamar yadda ya saba ba.

"Yallaɓai, laifin me na yi?"

"Aiki ne, Malam Yaro. Ko'ina aka tura mutum aiki ne."

"Dube ni ka faɗa."

Ja'afaru ya ci gaba da kallon tebur. Yaro ya jima a tsaye, sannan ya sa hularsa ya fita. Kirsimetin shekarar ba wanda ya zo kiran yankan kaji.

Bayan girbi aka kawo wa Ja'afaru goron ɗaurin aure: Muhammadu Sani zai auri Fadima, 'yar autar Alhaji Abdussalam. Hure ta ce ai mata sun daɗe da sani, tun kafin damina aka yi baiko. Yana zaune a wurin ɗaurin auren abubuwa suka riƙa dawo masa. Ranar nan a bakin masallaci, Alhaji bai faɗi maganar da ta kai kunnen Sakatare ba, tambaya ya yi, shi da bakinsa ya ba da amsa. Labaran gwajin nan biyu kuma, ban da shi, mutum ɗaya ne ya san su duka. Ya ɗaga kai ya hangi dattijon yana ta karɓar gaisuwa, fuska fes. Wataƙila haka ne, wataƙila kuma ba haka ba ne, don Sakatare bai taɓa nuna masa ya ji wani abu ba. Bai tambaya ba. Ya ci gaba da zuwa gaisuwa har Alhaji ya rasu, amma bai sake kai masa wata magana ba, bai kuma kai wa wani ba.

Bai daɗe a kujerar ba. Aka haɗe yankinsa da wani, aka karɓe babur, aka sallame shi. Ya koma gonar mahaifinsa. Ya so ya dawo da Yaro kafin ya sauka, amma ya tarar mutumin ya riga ya bar koyarwa ya kama noman rani a Watari. Malaman da aka yi wa ƙarin girma sukan zo neman shawara wurinsa. Yakan ba su ruwa, ya tambayi wanda ya turo su, ya sallame su da addu'a.

Shi da Yaro sun tsufa kafin su sake haɗuwa. Ja'afaru ya je Watari sayen dashen tumatir, aka nuna masa wani mai malfa a bakin kwata, ashe Yaro ne. Suka gaisa, suka tambayi iyali. Yaro ya tsuguna yana cire masa dashen.

"Maganar Dawanau, kai ka fitar da ita?" Ja'afaru ya tambaya.

"Ni ne. Susanna na gaya wa, don ƙanenta yana da rumfa a can. Na ce ya nema maka wuri."

"Ta Sakatare fa?"

Yaro ya ɗago ya dube shi, ya girgiza kai. "Har yanzu bincike kake, Ja'afaru?" Ya ɗaure dashen da ganyen kaba ya miƙa masa, ya ce a dasa da yamma kada rana ta kashe.

Ja'afaru ya ɗora a keke ya kama hanya. Ya ji daɗi da Yaro ya kira shi da sunansa. Amma kafin ya kai titi ya lura cewa Yaro bai ce a'a ba, kuma da wannan tunanin ya isa gida.